Aljihun Wilco

Bijimin ya ƙi hawa motar. Ya kafa ƙafafunsa na gaba a bakin katakon hawa, ya sunkuyar da kai, mutum biyu suna ja ta gaba, Bennie mai gonar yana bubbuga masa gindi da tafin hannu yana lallashi. Daga inda Wilco yake kwance rigingine a ƙarƙashin injin tatsar madara, ƙafafu kawai yake hange ta ƙofar rumfar shanun, kofatai da takalman roba suna ta kai-komo cikin taɓo.

Da ƙyar aka tura shi ciki aka rufe. Bennie ya shigo yana goge hannu a cinya, ya tsaya a kan Wilco yana haki.

"Ka ga wannan ƙirji, ka ga wannan wuya? Wa zai ce fanko ne? Likitar dabbobi ta ɗebi ruwansa ta duba, ta ce rabin ƙwayoyin matattu ne, sauran kuma zagaye suke yi wuri ɗaya kamar mashaya sun taso daga biki. To me zan yi da shi? Ciyawata ba ta sadaka ba ce. Jibi war haka yana rataye a wurin mahauci."

"Miƙo min ƙaramar sifana," in ji Wilco.

Bennie ya miƙa masa, ya jingina da ƙarfen turken. Haka muke a wannan yanki namu na Twente, kusa da iyakar Jamus. Manomi zai tsaya da gahawa a hannu ya yi maka bayanin maniyyin bijiminsa dalla-dalla, a gaban matarka da 'ya'yanka, ba wanda zai ƙifta ido. Amma ka tambaye shi lafiyar jikinsa, sai ya dubi sama ya ce da alama za a yi ruwa.

"Ya matarka Jorien? Har yanzu shiru?" Bennie ya rage murya, irin ta mai tausayi. "Matata ta gan ta a kanti, ta ce duk ta rame. Matan ofis ɗin nan, zaman kujera da yawan tunani ke hana su ɗauka. Ka yi ta haƙuri da ita, maƙwabci."

A daidai lokacin wayar da ke aljihun Wilco ta fara rawa a kan cinyarsa. Wata gonar ce, wani injin ya tsaya, yana kiran mai gyara da kansa kamar yadda aka tsara masa. Wilco ya ji daɗin kiran har cikin ransa, domin ya raba shi da ba da amsa. Ya ɗaure kusar ƙarshe, ya tattara kayansa, ya fita da sauri. Motar bijimin ta riga shi fita, ya bi bayanta har kwanar coci.

* * *

Kwana ɗaya kafin nan suna zaune shi da Jorien a asibitin birni, a gaban wata likita mai ƙuruciya da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta fara da Jorien, ta ce an duba komai nata, lafiya ƙalau take, sai dai shekara arba'in ta kusa, kuma jiki ba ya jira. Sannan ta juyo da kujerarta wajen Wilco.

"Naka ne da magana. Ƙwayoyin sun yi ƙaranci, waɗanda ke akwai kuma ba su da kuzari."

Ta tambaye shi sigari, ya ce bai taɓa sha ba. Giya, sai kwalba ɗaya ran Asabar. Ciwo a wurin, ko tiyata, ko yawan zama cikin ruwan zafi, duk babu. Ta dubi wandon aikin da ya zo da shi, don daga wata gona ya wuto.

"Ina kake ajiye wayarka?"

Ya zaro ta aiki daga aljihun dama, ya zaro tasa daga na hagu, ya jera su a kan teburinta. Ta sa yatsa ta taɓa ta aikin, da ɗuminta.

"Kullum a nan suke?"

"Tun da na fara aikin. Shekara goma sha wani abu."

"Ba zan ce maka su ne ba, don ban sani ba," in ji ta. "Masu binciken ma kansu a rabe yake. Wasu sun ga alamar cewa tururin da waya ke fitarwa, wanda ido ba ya gani, da ɗumin da take yi a jikin mutum, suna raunana ƙwayoyin. Wasu sun duba sun ce ba su ga komai ba. Amma cikin abubuwan da ake zargi, wannan kaɗai na samu a wurinka. Ka raba su da wurin wata uku, lokacin da jiki ke ɗauka ke nan ya yi sababbi, sai ka dawo mu sake gwadawa."

A mota Jorien ta ɗora hannu a kan nasa. Ba ta yi kuka ba, kuma bai ga alamar murna a fuskarta ba, ko da yake shekara biyar ke nan garin nan kaf yana kallon cikinta. Ita ba 'yar nan ba ce, daga can yamma take, wajen Haarlem, inda mutane ke faɗin abin da ke bakinsu. A ofishin ƙaramar hukuma take aiki, kuma teburinta ne ubanni ke zuwa su rubuta sunan jariransu. Kowane ɗa da aka haifa a garin nan, ita ce ta fara yi wa ubansa barka.

"Aƙalla yanzu mun san inda za mu kama," in ji ta. "Za ka gaya wa mamarka ko?"

"To, to," in ji Wilco.

Ta janye hannunta a hankali. Ta zauna da mu ta daɗe, ta san mu. Idan mutuminmu ya ce "to" sau ɗaya, ya yarda. Idan ya ce "to, to", ya ji ka ne kawai, kuma ka iya jira har gashinka ya yi fari.

* * *

Ranar Lahadi bayan coci kowa gidan Dinie yake zuwa, mahaifiyar Wilco. Tun da mijinta ya rasu ba a taɓa fashi ba. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai Lahadi, ta yanka kek. Rutger, ƙanin Wilco, yana zaune kusa da matarsa Esmee, wadda cikinta ya tsufa har sai ta ja kujera baya kafin ta zauna.

Dinie ba muguwa ba ce, kuma wannan shi ne wahalar abin. Da muguwa ce da an yi faɗa an huta. Ta zuba wa kowa gahawa, da ta zo kan Jorien sai ta ɗauko wata 'yar buta daban.

"Ke naki ga shi, 'yata. Ganye ne, matar Bennie ta aiko. Ƙanwarta shekara bakwai tana nema, wata biyu ta sha, sai ga tagwaye. Gahawa tana busar da mahaifa, kowa ya sani."

"Na gode, Dinie."

"Kuma na kunna miki kyandir a coci, a wurin Maryama. Kullum ina kunnawa, ba na gaya miki ne kawai." Ta shafa mata kafaɗa. "Mu dai a danginmu ba a jira. Ni wata goma da aure na haifi wannan ƙaton. Dubi Rutger, ko gama fentin gida bai yi ba."

Rutger ya yi dariya. "Ni ai kallo kawai na yi mata, Mama."

"Rufe mana baki," in ji Esmee, tana dukan hannunsa.

Jorien ta ɗaga kofin ganyen ta kurɓa, idonta a kan mijinta. Wilco yana kallon kek ɗinsa, yana yanka shi ƙanana da gefen cokali. Ya san kalmomin, tun a mota yake jera su. Mama, ba ita ba ce. Kalma huɗu ko biyar, ko yaro zai iya. Amma duk lokacin da ya kawo su bakinsa sai ya ga yadda za su fita daga ɗakin nan su shiga gari. Dinie za ta gaya wa ƙawarta a asirce, ƙawar ta gaya wa matar Bennie, kafin Laraba babu rumfar shanun da zai shiga ba a sani ba. Ba wanda zai ce masa komai. Za su dai daina zancen bijimi idan ya shigo, kuma wannan shirun ne yake tsoro fiye da zagi.

Da suka koma gida Jorien ta tsaya a kicin ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

"Ka san ɗanɗanon abin nan? Kamar an jiƙa tsohuwar igiya. Shekara nawa ina shan irinsa?"

"Ai da kin ce ba kya so."

"Ni zan ce? Wilco, dube ni. Rashin haihuwa zan iya zama da shi. Na yi tunani, na auna, zan iya, in dai da kai ne. Abin da ba zan iya ba shi ne in ɗauki kayan da ba nawa ba, kana tsaye kana kallo. Da ba mu sani ba, na ɗauka. Yanzu ka sani."

"Ki bari a yi gwaji na biyu. Wataƙila ya gyaru, kin ga ba sai an..."

"Ba sai an san kai ne ba. In ya gyaru a ce ganyen matar Bennie ya yi aiki." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "A'a. Idan Esmee ta haihu, ranar da maƙwabta za su kai burodin barka, kowa zai hallara. Kafin ranar, ko a ranar, ka gaya wa mamarka da bakinka. Ba zan zauna cikin matan nan suna miƙo min jariri suna kallona da ido mai ruwa ba."

"To..."

"Kada ka ƙara na biyun. E ko a'a?"

Ya dubi tayal ɗin ƙasa. Yana son matar nan, wannan ba abin tambaya ba ne, kuma ya san gaskiyarta.

"E," in ji shi.

* * *

Ya gwada raba wayar da jikinsa, kada a ce bai gwada ba. Tasa ta kansa ba ta ba shi wahala ba, ya jefa ta cikin akwatin mota ya manta. Ta aiki ce matsalar.

Shanun yanzu ba sa jiran mutum. Saniya idan nononta ya cika da kanta take shiga injin, ya wanke ta, ya kama, ya tatse. Idan injin ya tsaya, garke guda ne zai yi layi yana kuka, nono yana kumbura, shi ya sa injin ke kiran mai gyara kai tsaye, kuma kamfani yana gani a allonsa ko an amsa ko ba a amsa ba. A da rigar aikin tana da aljihu a ƙirji. Da wayoyi suka yi ta zamewa suna faɗawa ramin kashin shanu duk sanda mutum ya sunkuya, sai kamfani ya cire shi, ya ɗinka wani matsattse a gaban wando, dab da matsematsi, mai zif. A cikin ƙarar injina da kukan shanu ba ka jin waya, sai dai ka ji rawarta a fatarka. An yi wannan aljihu da tunani sosai.

Ya sayo 'yar jaka ya rataya a baya. Abokan aikinsa suka sa masa suna Madam, ɗaya ya tambaye shi ko da jan baki a ciki. Wannan bai dame shi ba kamar yadda igiyar jakar ta maƙale a hannun injin wata rana ta kusa shaƙe shi. Ya koma ajiye wayar a kan akwatin kayan aikinsa, yana leƙawa lokaci-lokaci. Mako biyu abin yana tafiya.

Sai wata ranar Talata, yana kwance a ƙarƙashin wani inji da ya ƙi jin magana, injin wata gona ya yi ta kira, wayar tana ta rawa a kan akwati ba wanda ya ji. Kafin ya lura rana ta yi tsaka. Da ya isa, shanun sun cika rumfar da kuka, madara tana ɗiga daga nonuwansu a ƙasa, mai gonar yana tsaye a ƙofa ya harɗe hannu. Shanu uku suka kamu da ciwon nono.

Washegari shugabansu, wani mai suna Egbert, ya kira shi ofis. Egbert mutumin kirki ne iyakar yadda aikinsa ya bar shi.

"Kai ne ba ka taɓa barin kira ya wuce ka ba. Me ya faru?"

"Wayar ba ta jikina."

"Don me aka yi aljihun?"

Wilco ya gyara zama. "Ina so a rage min zaman jiran kira. Ko wata uku ne. A mayar da ni wajen haɗa sababbin injina."

"Wa zai karɓe ka? Mutum biyu sun bar mu, ka sani, samarin yanzu ba mai son warin shanu. Daga nan har kan iyakar Jamus kai da Arend ne kawai." Egbert ya cire tabarau ya dube shi. "Amma in rashin lafiya ce, faɗa min. In akwai dalili, sai in san abin da zan gaya wa na sama. Mene ne?"

Matar Egbert da Dinie ƙungiyar mawaƙan coci ɗaya suke. Wilco ya dubi hoton wata saniya mai lambar yabo da ke rataye a bango.

"Gajiya ce kawai," in ji shi.

"Gajiya kowa na da ita. Sa wayarka inda aka ce, don Allah."

Ya fito, ya tsaya a bakin motarsa, ya buɗe zif ɗin ya zura ta. Bai gaya wa Jorien ba. Kullum idan ya kusa gida sai ya tsaya a gefen titi ya ciro ta ya ɗora a gaban mota, don ta gan ta a can idan ta leƙo ta taga.

* * *

Esmee ta haifi namiji a farkon bazara. Rutger ya kafa shamuwar katako a gaban gida, alamarmu ta an yi haihuwa, ya je ofis Jorien ta rubuta sunan da hannunta, ta yi masa barka kamar yadda take yi wa kowa. Wilco bai gaya wa mahaifiyarsa komai ba. Sau biyu yana zuwa gidanta da niyya, sau biyu yana gyara mata famfo ya dawo.

Ranar Asabar ɗin da aka sa, maƙwabta suka taru a bakin titi cikin baƙaƙen huluna da jan ƙyalle a wuya. Burodin zabibin ya fi mutum tsawo, an kwantar da shi a kan tsani, an ɗaure da kintinkiri shuɗi. Wilco, da yake shi ne wan uba, aka ba shi gaban tsanin. Ya roƙi Arend ya riƙe masa kira na yinin, Arend ya yarda. Duk da haka da zai fito daga gida hannunsa ya ɗauki wayar aikin ya sa a aljihu, Jorien tana gani.

Aka shiga da burodin ana waƙa, aka auna shi da jaririn ana dariya, aka yanka aka shafa man shanu da kauri. Sannan aka zauna kamar yadda muke zama a kowane taro, kujeru a zagaye jikin bango, kowa yana kallon kowa, ba kusurwar da mutum zai ɓuya. Jaririn ya fara yawo daga hannu zuwa hannu. Wilco yana ganin yana matsowa, kujera bayan kujera, har ya iso hannun Inna Riek, yayar Dinie, wadda kunnenta ya yi nauyi, saboda haka duk maganarta da ƙarfi take yi.

"Ba wa Jorien ta riƙe," in ji Inna Riek. "Ki shaƙi ƙanshin kansa sosai, yarinya, an ce yana jawo wani. Ke ma Allah zai dube ki."

Aka ɗora mata shi a cinya. Ɗakin ya yi tsit, irin shirun mutanen da suke ganin suna kyautatawa. Matar Bennie ta karkatar da kai. Dinie ta share gefen ido da yatsa.

"Ba laifinta ba ne," in ji Dinie, tana kallon jama'a. "Ba wadda ke zaɓar jikinta."

Jorien ba ta dubi jaririn ba. Ta ɗago kai ta dubi Wilco daga can ɗaya ɓangaren zagayen, ba harara, ba roƙo, kallo kawai.

Ya ajiye farantinsa a ƙasa. Ya miƙe. Ni da nake wurin na ga bakinsa ya buɗe.

"Mama," in ji shi. "Akwai abin da..."

Kowa ya juyo. Bennie ya tsaya da burodi a hannu, man shanu a gemunsa. Wilco ya dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, duk mutanen da zai shiga rumfunansu ranar Litinin. Sai wayar ta yi rawa a cinyarsa.

Ya zaro ta. Ba kiran gaggawa ba ne. Wani inji ne a wata gona ta bayan gari yake sanar da cewa sabulun wankinsa ya kusa ƙarewa, abin da zai iya kaiwa Litinin, kuma ko da gaggawa ne yinin na Arend ne. Wilco ya karanta saƙon sau biyu.

"Inji ya tsaya," in ji shi. "Dole in je."

"Kai da wayar nan taka," in ji Rutger. "Ita ce uwargida, Jorien amarya."

Aka yi dariya, har da jin sauƙi a ciki. Dinie ta naɗe masa yanki biyu a takarda ta cusa masa a hannu. Bai dubi inda Jorien take ba har ya fita.

* * *

Ya je gonar ya zuba sabulun. Mai gonar ya yi mamakin ganinsa ranar Asabar cikin kayan biki. Ya duba tiyo, ya duba abin da ba ya buƙatar dubawa, ya goge abin da yake a goge. Da ya rasa abin yi ya zauna a mota yana kallon shanu suna shiga injin suna fita. Kunya ta cika shi har yana jin ɗacinta a harshe. Ya yanke shawara zai koma ya ja mahaifiyarsa gefe, ita kaɗai, a kicin, ya faɗa mata. Hakan ma ai ya fi, ba sai a gaban jama'a ba. Ya ciro wayar ya ɗora a gaban mota, ya tayar.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya iso, mutane sun fara watsewa. Dinie ce ta tare shi a bakin ƙofa, kafin ya ce komai ta kama fuskarsa da hannu biyu, abin da rabonta da yi tun yana makaranta.

"Ɗana. Me ya sa ba ka gaya min ba?"

Zuciyarsa ta faɗi. Wani ɓangare nata kuma ya ji kamar an sauke masa dutse.

"Jorien ta faɗa mana bayan ka fita," in ji Dinie. "A gaban kowa, da jaririn a hannunta. Ta ce an gama gwaji, likita ta ce ita ce, ba za ta taɓa haihuwa ba, don haka a daina kawo mata ganye. Abin da ka tashi za ka faɗa ke nan ka kasa, ko? Don kada ka kunyata ta." Idonta ya ciko. "Wani da tuni ya kama gabansa. Riek ma ta ce irinka sai an tona. Ubanka zai yi alfahari da kai."

Bennie ya fito yana gyara hula, ya dafa kafaɗar Wilco ya matsa da ƙarfi, ya wuce. Wasu maza biyu suka yi masa haka.

Wilco ya dubi mahaifiyarsa. Ƙofar kicin tana nan a buɗe a bayanta, ba kowa a ciki.

"Sanyi ya fara sauka, Mama," in ji shi. "Ki shiga ciki."

Jorien tana tsaye a jikin motar da rigarta a hannu. Ta shiga ta zauna, ta ja bel, ta miƙe ƙafafu kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya. Ya zauna kusa da ita bai tayar da motar ba.

"Me ya sa?" in ji shi.

"Na gaji da jira ne. Yanzu ba mai sake tambayata, kai ma ba mai tambayarka. Kowa ya huta."

"Zan gyara. Zan koma in gaya mata yanzu."

"Koma mana."

Hannunsa yana kan marfin ƙofar. Ta ba shi lokaci, tana kallon gaba. Ta taga ana hango Dinie tana tattara kofuna. Hannun ya daɗe a wurin, sannan ya sauko ya kama makulli.

Jorien ta miƙa hannu ta ɗauko wayar daga gaban motar. Ta juya ta, ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba, sannan ta ɗora masa ita a cinya.

"Mayar da ita inda take yini. Ka daina tsayawa a hanya kana cirewa, ina ganinka daga tagar sama. Ba sauran gwajin da za mu koma."

Ya tayar da motar. Suna fita daga layin wata babbar motar madara ta shigo gabansu, tana tafiya a hankali. Titin siriri ne, rami ta dama, itatuwa ta hagu, ba wurin wucewa. Haka suka bi ta a baya har gida, fuskokinsu biyu suna kallonsu a karkace daga jikin tankin.